Yaƙi da sauyin yanayi: daga aljihun wa kuɗin yake fitowa?

Duk shekara idan shugabannin duniya suka hallara a babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da ake ji shi ne biliyoyin daloli da shekarun da har yanzu suna can gaba, wato 2030 da 2050 da 2060. A taron da aka yi a birnin Glasgo na Birtaniya cikin 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauki alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Nijeriya take fitarwa ba zai wuce abin da za a iya shanyewa ba, sannan tsarin da gwamnatinsa ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa cika wannan alkawari zai ci ƙarin dala biliyan 410 bayan abin da da ma za a kashe. Girman irin waɗannan alƙaluma kan sa mai sauraro ya ɗauka magana ce tsakanin gwamnatoci da manyan bankuna, ba ruwan mai shago ko mai a-daidaita-sahu a cikinta. Alhali kuwa abin da gwamnati take kashewa daga haraji ko bashi yake fitowa, abin da kamfani ya kashe kuma yana mayar da shi a kan mai sayen kayansa. Komai nisan zagayen da kuɗin ya yi, a ƙarshe yakan sauka ne a farashin litar mai, da kuɗin mota, da kuɗin wuta, da cikon tukunyar gas, wani lokaci ma a kan aikin da mutum yake ci da iyalinsa da shi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da yin lissafin cewa ɗaukar mataki ya fi naɗe hannu araha. Rahoton da masanin tattalin arziki Nicholas Stern ya shirya wa gwamnatin Birtaniya a 2006 ya ce rage hayaƙin da ke ɗumama duniya zai ci kimanin kashi 1 cikin 100 na abin da duniya take samarwa a shekara, barinsa kuwa zai jawo asarar aƙalla kashi 5, wadda za ta iya kaiwa kashi 20. Ba ni da ja da wannan lissafi. Sai dai lissafi ne na duniya ɗungurungum, kuma abin da bai taka kara ya karya ba idan aka raba shi a kan duniya yana iya zama babban giɓi a cefanen wani gida. Idan aka bi diddigin ƙasashen da suka gwada waɗannan matakai, za a ga nauyin da talaka yake ji ya danganta ne da abu biyu: ko an tanadar masa madadin da hannunsa zai iya kaiwa kafin a tsauwala wa abin da ya saba da shi kuɗi, da kuma inda kuɗin da aka tara daga gare shi yake zuwa.

Matakin da masana suka fi so shi ne harajin kabon. Hujjarsa ita ce duk wanda ya ƙona fetur ko dizal ko kwal yana jawo ɓarnar da ba shi kaɗai yake ɗanɗanawa ba, kuma ba ya biyan ko kwabo a kanta. Idan aka ɗora haraji a kan kowane tan na iskar kabon da aka fitar, farashin waɗannan abubuwa zai tashi, jama'a su rage amfani da su, masu masana'antu su nemi wata hanya. A takarda tsarin ba shi da makusa. Inda gizo ke saƙar shi ne buƙatar makamashi ba ta hauhawa daidai da yadda kuɗin shiga yake hauhawa, domin wanda albashinsa ya ninka na wani sau goma ba ya girki sau goma a rana, ba ya kuma zuwa wurin aiki sau goma. Attajiri ya fi ƙona mai, wannan gaskiya ne, amma idan aka auna da abin da yake shiga aljihun kowa, ƙaramin ma'aikaci ne yake ba da kaso mafi girma.

Faransa ta ga haka ƙuru-ƙuru. Ta fara harajin a 2014 a kan yuro 7 kowane tan, zuwa 2018 ya kai yuro 44.6, kuma an tsara zai haura yuro 86 a 2022. Mazauna Faris da sauran manyan birane, masu jiragen ƙasa da motocin haya a ƙofar gida, ba su ji komai ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne mutanen ƙananan garuruwa da karkara, inda asibiti da wurin aiki da makarantar yara duk sai da mota, kuma yawancinsu motocin dizal gare su, saboda gwamnatocin baya sun shafe shekaru suna sassauta wa dizal haraji. Ma'aikaciyar jinyar da take zagaya ƙauyuka tana duba tsofaffi a tsohuwar motarta ba ta da tafiyar da za ta rage, ba ta kuma da kuɗin sabuwar mota, don haka harajin bai canza mata ɗabi'a ba, albashinta kawai ya zaftare. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a 2018 ɗin ne gwamnatin Shugaba Emmanuel Macron ta soke harajin da ake karɓa a kan dukiyar masu hannu da shuni, ta bar shi a kan gidaje da filaye kaɗai, man jiragen sama kuma babu wannan haraji a kansa, sannan akasarin kuɗin da aka tara ya shige babban asusun gwamnati. Ranar 17 ga Nuwamban 2018 mutane kusan 280,000 suka fito sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa da doka ta wajabta wa kowane direba ya ajiye a motarsa, suka datse hanyoyi. Maganar da ta yi ta yawo a bakinsu ita ce manya suna zancen ƙarshen duniya, su kuwa ƙarshen wata ne yake hana su barci. Kafin shekarar ta fita gwamnati ta dakatar da ƙarin, harajin ya tsaya a inda yake.

Suwidin ta fara nata harajin tun 1991, yau ya haura yuro 100 kowane tan, yana cikin mafi tsada a duniya, amma bai taɓa haddasa irin wannan bore ba. An shigo da shi ne tare da rage harajin albashi, kuma garuruwan ƙasar suna da tsarin ɗumama gidaje daga cibiya guda, wanda aka riƙa juyawa daga mai zuwa ragowar katako da shara, ta yadda magidanci ya bar amfani da mai ba tare da shi ya sayi wata sabuwar na'ura ba. Kanada ta bi wata hanyar. Ta fara da dalar Kanada 20 kowane tan a 2019, ta kai 80 a 2024, tana mayar wa gidaje kimanin kashi 90 cikin 100 na kuɗin, har ofishin majalisa mai bin diddigin kasafi ya tabbatar da cewa yawancin gidaje, musamman masu ƙaramin ƙarfi, suna karɓar fiye da abin da suke biya kai tsaye. Duk da haka harajin bai tsira ba. Ƙarin farashi kullum mutum yana ganinsa a gidan mai, kuɗin da ake mayar masa kuwa sai bayan wata uku yake faɗawa asusunsa, da yawa ma ba su san na mene ne ba. 'Yan adawa suka mayar da soke harajin taken yaƙin neman zaɓe, Firaminista Mark Carney kuma ya janye shi daga kan masu saye a Afrilun 2025. Ke nan ko an mayar da kuɗin, sai mai karɓa ya gan shi, ya kuma yarda cewa gobe ma zai zo.

Nijeriya ba ta da harajin kabon irin na Turai, amma ta ɗauki matakin da ya fi shi zafi. Cire tallafin mai yana sahun gaba a jerin abubuwan da masu fafutukar yanayi suke nema. Ƙungiyar G20 ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki ta yi alkawarinsa a 2009, yarjejeniyar Glasgo ta 2021 ta nanata shi, Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma sun daɗe suna matsa wa Nijeriya lamba a kansa. Dole a faɗi gaskiya cewa lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsar da shi ranar 29 ga Mayun 2023, ba sauyin yanayi ne a gabansa ba, lalitar gwamnati ce ta ƙone, domin tallafin ya ci kimanin dala biliyan 10 a 2022 kaɗai. Haka kuma sakin darajar naira da aka yi makonni kaɗan bayan nan yana da babban hannu a tsadar da ta biyo baya. Amma ga wanda yake son ya san yadda tsadar mai take tafiya a jikin al'ummar da ba ta da madadi, babu misalin da ya fi wannan kusa.

Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye cikin kwanaki, ta kai 617 a Abuja a watan Yuli, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, ta abinci kuma ta yi kusan kashi 40. Masu goyon bayan cire tallafin sun yi daidai da suka ce masu motoci uku-huɗu da masu fasa-ƙwauri ne suka fi cin moriyarsa, shaida kuwa ita ce alƙaluman hukuma sun nuna man da ake sha a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50, kuma masu sayar da ruwa-ruwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a Maraɗi da Birnin Ƙonni sun ji canjin a take. Abin da wannan hujja ba ta kula da shi ba shi ne yadda fetur ya shiga kowane lungu na sana'ar talaka a ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa. Mai niƙa da fetur yake aiki, haka mai aski da mai cajin waya da ɗan acaba. Manomin rani a Kadawa ko fadamar Haɗeja da injin ban-ruwa yake jan ruwa, kuma tumatir ko alkama ba su san an cire tallafi ba, ranar da suke son ruwa sai an ba su. Irin wannan manomi zaɓinsa uku ne: ya rage faɗin gonar, ko ya ci bashi, ko ya kai injin wurin makaniki a juya shi ya koma shan gas ɗin girki, kamar yadda da yawa suka yi. Kowanne ya zaɓa, mai sayen kayan miya a birni zai tarar da sakamakon a kasuwa.

Madadin da aka yi alkawari ya zo a makare. Shirin juya motoci zuwa iskar gas ta CNG an kafa shi ne bayan an riga an cire tallafin, kuma juya mota ɗaya yana cin ɗaruruwan dubban nairori, tashoshin cika gas ɗin kuma sun fi yawa a Legas da Abuja da jihohin da bututu ya ratsa. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda shi ne zai kawo gas Arewa da araha, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, ranar da aka cire tallafi bai kai ga kammaluwa ba. Tallafin naira 25,000 a wata na tsawon wata uku da aka ce za a ba gidaje miliyan 15 ya yi ta samun tsaiko. Kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, amma magidancin da kuɗin motarsa ya ninka ba shi da hanyar da zai bi sawun wannan kuɗi ya ga inda ya shiga. A ganina, da an fara da motocin haya masu gas da bututun da rijistar mabuƙata ta gaskiya, sannan aka janye tallafin daki-daki, da abin da aka cim ma ɗaya ne, wahalar kuwa ba za ta kai haka ba.

Wurin da lissafin ya fi rikicewa shi ne madafa. Kalanzir, wanda dā shi ne makamashin talakan birni, an janye masa tallafi tun 2016, yau ya fi fetur tsada, risho ya zama kayan tarihi a gidaje da yawa. An yi ta kiran mata su koma gas don a ceci dazuzzuka, da yawa suka saya, sai farashin cika tukunya mai kilo 12.5 ya ninka fiye da sau uku tsakanin 2020 da 2024. Uwargidan da gas ya ƙare mata a tsakiyar wata ba ta jiran albashi, kurfoti take jawowa ta aika a sayo mata gawayi na ɗari biyu ko uku, wadda ba ta da halin gawayi kuma ta koma murhu. A lokaci guda jihohi da dama sun haramta sare itatuwa don yin gawayi, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne ga duk wanda ya ga yadda dazuzzukan Bauchi da Neja suke ƙarewa. Sai dai haramci ba ya kashe buƙata, farashin buhu kawai yake ɗagawa, ya kuma buɗe ƙofar karɓar na goro a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara a duniya, don haka komawa itace ba kuɗi kaɗai yake ci ba, har da huhun mata da na yaran da ke goye a bayansu.

Indonesiya ta nuna cewa ana iya yin abin a tsare. Daga 2007, kafin ta janye kalanzir mai tallafi daga kasuwa, ta raba wa gidaje sama da miliyan 50 murhun gas da ƙaramar tukunya mai kilo 3 kyauta, mai sauƙin cikawa da ɗan abin da ke hannu. Indiya ta raba tukwane ga miliyoyin mata daga 2016, amma ta gano cewa da yawa ba sa komawa cikawa akai-akai, domin kyautar tukunya daban, kuɗin ciko daban. Akwai kuma wani abin takaici a nan. A daidai lokacin da ƙasashen Afirka suke neman jarin shimfiɗa bututu da gina ma'ajiyar gas, Bankin Zuba Jari na Turai ya yanke shawara a 2019 zai daina ba da rance ga ayyukan mai da gas, ƙasashe da dama kuma suka yi irin wannan alkawari a Glasgo. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya fito fili ya soki wannan mataki. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, Turai da kanta ta bazama neman gas a Afirka, Jamus ta sake kunna wasu tashoshinta na kwal. Nijeriya ma ba ta wanke kanta ba, tunda har yau tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a rijiyoyin mai.

Sau da yawa akan ce ai sola ta yi araha, kuma haka ne, farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekaru goma. Amma arahar sola ta mai kuɗi a dunƙule ce. Ƙaramin janareta ba shi da tsadar saye, cinsa ne kullum, sola da batir da inbata kuwa a rana ɗaya suke cinye kuɗin, daga nan sai hutu. Tela ko mai shagon sanyi da yake samun kuɗinsa kullum-kullum yana iya fitar da na mai kowace safiya, amma ba zai iya tara na sola a lokaci guda ba, idan kuma ya je banki zai tarar da kuɗin ruwa ya doshi kashi 30 cikin 100, tunda Babban Bankin Nijeriya da kansa ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Abin da yake faruwa da tela shi yake faruwa da ƙasa. Tashar sola kusan dukkan kuɗinta a farko ake kashewa, don haka farashin wutarta ya dogara ne da kuɗin ruwan bashin da aka gina ta da shi, kuma Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu tasowa wannan kuɗin ruwa yakan ninka na ƙasashe masu arziki aƙalla sau biyu. Shi ya sa Afirka, mai kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da sola a duniya, take da kimanin kashi 1 kacal na solar da aka kafa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne idan masu hali suka kafa sola suka rage sayen wutar kamfani, kuɗin kula da wayoyi da tiransifoma da bashin tashoshi ba ya raguwa, a kan waɗanda suka rage ake raba shi. Pakistan, wadda ta shigo da faranta masu ƙarfin kusan gigawat 17 a 2024, tana fama da wannan matsala yanzu. A Amurka ma rangwamen haraji na dala 7,500 da aka riƙa bai wa mai sayen motar lantarki, wanda yake da halin sayen sabuwar mota ne ya fi morarsa.

Maganar aikin yi kuwa a wuri guda take taruwa, shi ya sa take da zafi. Afirka ta Kudu tana samun kimanin kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal, kuma yawancin ma'adinan da tashoshin suna lardin Mpumalanga. A Glasgo ƙasashe masu arziki suka yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 don ta bar kwal, daga baya aka ga kyauta a ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sauran kusan duk bashi ne. A Oktoban 2022 aka rufe tashar wutar kwal ta Komati da ke lardin. Ma'aikatan dindindin na Eskom, kamfanin wutar lantarki na ƙasar, an mayar da yawancinsu wasu tashoshin, amma 'yan kwangila da direbobin manyan motocin kwal da masu sayar da abinci a bakin ƙofa da masu ba da hayar ɗakuna ba sa cikin rijistar kowa, ayyukan sola da horon da aka yi alkawari kuma ba su fara ba sai bayan garin ya riga ya yi sanyi. Jamus, da ta sa 2038 a matsayin wa'adin barin kwal, yuro biliyan 40 ta ware wa yankunan da abin zai shafa, ta kuma ba su kusan shekara ashirin. Ba kowace ƙasa ce take da wannan aljihu ba.

Dokar da aka yi a wata nahiya ma tana iya biyo manomi har gona. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta hana shigar da koko da kofi da manja da roba da wasu kayayyaki idan an noma su a filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020, kuma dole a nuna taswirar kowace gona. Babban kamfani yana da ma'aikatan da za su yi wannan, amma mai gonar koko ta kadada biyu a Gana ko Kwaddibuwa, ko mai kofi a tsaunukan Habasha, idan ba a auna gonarsa an sa ta a rijista ba, mai saye zai tsallake shi ko da bai taɓa sare bishiya ɗaya ba. Ƙorafin da ya yi yawa ya sa an ɗage fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya.

Ba kowane mataki ne yake tatsar talaka ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma sassaben zamani, wato maimakon a share gona ƙaf, sai a bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, a zaɓi masu ƙarfi a sassabe sauran. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada kusan miliyan 5, ba tare da rainon dashe ko bashin waje ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ya ba gero taki, da rani ya ba dabbobi abinci, rassan da aka sassabe su zama itacen girki ko na sayarwa. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne manomi ya samu tabbacin cewa bishiyar da ke gonarsa tasa ce, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kanta ba, abin da dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ta ƙara ƙarfafawa. A nan ribar manomi da ta yanayi sun zo a tare, kuma ba a ce ya jira 2060 ba.

Saura batun wanda ya kamata ya ɗauki babban kason tun asali. Abin da Afirka gaba ɗaya take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya ba, ɗan Nijeriya ɗaya bai kai tan 1 a shekara ba, Ba'amurke kuwa yana kusan tan 14. A Kofanhegan cikin 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020, ba su cika ba sai a 2022, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ya fito daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa rance ne. A Baku cikin 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, ƙasashe masu tasowa, ciki har da Nijeriya da Indiya, suka ce bai kai ko kusa da buƙata ba, kuma wata biyu bayan nan Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan sake fitar da Amurka daga yarjejeniyar Faris ta sauyin yanayi. Asusun rage asarar da sauyin yanayi yake jawowa da aka amince da shi a Masar a 2022, alkawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 sun tsaya a kimanin dala miliyan 700, alhali ambaliyar 2022 a Nijeriya kaɗai, wadda ta kashe mutum sama da 600 ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnarta a kan kusan dala biliyan 6.7. Giɓin da ke tsakani gwamnati da bashi take cike abin da ta iya, bashin kuma da dala ake biyansa, ta yadda duk faɗuwar da naira ta yi nauyinsa ƙaruwa yake yi, kuma daga harajin kayan masarufi da kason asibiti da na makaranta ake cire kuɗin biyan. Abin da gwamnati ba ta cike ba, kamar gidan ƙasar da ya rushe a Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ko shinkafar da ruwa ya shanye a Jigawa, mai shi ne yake sake ginawa da sake shukawa daga aljihunsa da gudummawar dangi, tunda kaɗan ne ƙwarai a cikin waɗannan gidaje da gonaki suke da inshora.